Dokin da Tela Bai Jefa Ba

Tela ya daɗe yana dafa wata buɗewa ta wasan ces, wato takun farko da ake shiryawa a gida kafin gasa. Zai ba da doki a banza, ya damƙe sarauniya daga baya. Ba wanda ya gani sai matarsa, don da ita yake gwaji a kan teburin yankan yadi, tsakanin almakashi da dutsen guga.

Sai wasan ƙarshe ya haɗa shi da yayanta, likitan haƙori, wanda ya fi shi maki, ya kuma fi shi iya murmushin rainin hankali.

Aka kunna agogo. Tela ya tura soja, Likita ya amsa nan take. Tela ya fito da doki, Likita ya sake amsawa, ƙwas, ya danna agogo. Mutumin da kowa ya sani da nawa, yau kamar ana raɗa masa.

Sai Tela ya tuna. Shekaranjiya matarsa ta je gidan yayan nata, wai duba jariri, ta dawo a makare. Ya ɗago ya hango ta cikin 'yan kallo, riƙe da robar ruwansa, tana murmushi. To wa ake yi wa, shi ko na gabansa?

Lokacin jefa doki ya zo. Hannunsa ya tsaya a sama. In ta faɗa wa yayanta, ai rami aka haƙa masa. Ya janye, ya tura wani soja can gefe, takun da bai taɓa gwadawa ba. Daga nan wasa ya warware masa, har ya miƙa hannu ya sallama.

Bai ma jira su fita ba. "Kin kyauta," ya ce mata a gaban jama'a. "Ashe ɗan'uwa ya fi miji."

Likita kuwa yana ta mayar da 'ya'yan wasa kan allo, don su bi sawun takun tare kamar yadda aka saba.

"Zo nan, me ya hana ka jefa dokin?" ya ce. "Da na mutu! Ban san buɗewar nan ba sam, sauri na dinga yi kada ka gane. Har roƙon ƙanwata na yi shekaranjiya ta faɗa min shirinka, ta ce in ji da haƙoran mutane."

Kunya ta rufe Tela. Ya juya da sauri. Robar ruwan ce kawai a kan kujerarta.