A Rage wa Tayoyin Iska

"Tsaya," in ji Baba Inuwa daga kujerar baya. "Tayoyin nan sun sha iska da yawa."

Murtala ya yi kamar bai ji ba, ya ƙara taka motar. Shi asibitin Tudun Wada kawai yake hange. Da hantsi Inna Hajara, matar Baba Inuwa, ta leƙo ta katanga ta ce jikin Malam ya rikice, numfashi sama-sama, kuma duk unguwar babu mai mota sai shi.

Baba Inuwa maƙwabcinsa ne, mai faci, rumfarsa tana jingine da katangar su Murtala a ƙauyensu da ke bayan Doguwa. Tun da Murtala ya fara jigilar masara da tsohuwar motar nan, bai taɓa sa wa taya iska da hannunsa ba. Tsohon ne zai fito da sassafe kafin taya ta yi zafi, ya ɗora gejin awon iska, ya ƙwanƙwasa da ƙarfe, sannan ya tambaya, "Kwalta za ka bi ko burji? Da kaya ko babu?" In burji ne sai ya ɗan rage. Murtala kuwa, da ko shayi a tsaye yake sha, kullum gani yake ana ɓata masa lokaci.

Yau da babu mai tambaya, shi ya tayar da injin iskar rumfar da kansa, ya ɗura wa tayoyin har suka yi tauri kamar dutse, wai don motar ta fi gudu. Ko neman geji bai yi ba.

Ga shi kuwa ruwan damina ya zaizaye burjin, duk ramuka da tsakuwa. Motar sai tsalle take kamar ɗan akuya. Duk ramin da ta faɗa, kan tsohon sai ya ɗaga ya koma cinyar Inna Hajara, ya yi wani nishi da ke tsinka wa Murtala zuciya. Tsoro ya kama shi sosai, tsoron kada mutumin nan ya mutu a hannunsa bai kai shi ba.

"Baba, saura kaɗan mu hau kwalta. Ka daure."

"Ɗan nan, kai ka sa iskar?"

"Ni ne, Baba."

"Na ji a haƙarƙarina." Ya yi tari, ya huta. "Ka rage. Ƙasusuwana sun gaji."

Murtala ya dubi madubi, ya dubi hanya, ya sake duban madubi. Gumi ya jiƙa masa riga. In ya tsaya, lokaci ya tafi. In bai tsaya ba, shi ne yake dukan marar lafiya da hannunsa. Ya ƙara gudu, ya sassauta, ya sake ƙarawa.

"Murtala," in ji Inna Hajara a hankali, "ka yi abin da Malam ya ce."

Ya gangara gindin wata ɗorawa ya tsaya. Bai ko kashe motar ba. Ya karyo tsinke, ya durƙusa a tayar baya, ta gefen da kan tsohon yake, ya danna bakin bawul. Iska ta fara fita da shuuu.

"Ci gaba," in ji muryar tsohon ta taga. "Ɗan ƙara."

Ya ƙara. Ya bugi tayar da dunƙulen hannu yadda ya saba gani ana yi, amma shi bai san amon da ake saurare ba.

"Baba, ta yi haka?"

Wasu shanu suka wuce ta bayan motar, makiyayin ya ɗaga masa hannu.

"Baba?"

Sai ya ji Inna Hajara tana salati ƙasa-ƙasa. Da ya miƙe, ta riga ta ja bakin mayafinta ta rufe masa fuska. Murtala ya dafa ƙofar motar.

"Da ban tsaya ba, Inna..."

"Da ya cika ana jijjiga shi," ta ce. "Rage sauran ukun. Gida za mu koma, ba na so a wahalar min da shi."

Ya zagaya su ɗaya bayan ɗaya, yana durƙuso, yana danna tsinken, ba ya sauri. Sannan ya juya kan motar.

A hanyar komawa motar ta riƙa shiga ramukan tana fita a sanyaye. Ya duba madubi. Kan Baba Inuwa yana kwance a cinyar matarsa, ko motsi ba ya yi.