Gaisuwar Dada

Ku yi mini afuwa, ni ba marubuciya ba ce, karanta na wasu kawai na iya. Wannan ma sau uku ina yaga takardar. Amma ni na riƙe wayar a ranar, don haka ni ya kamata in faɗa.

"Matso da ita, Zakiyya," in ji Dada. "Ko tsoron bakina take ji?"

Dada maƙwabciyarmu ce a unguwar Abakpa Nike, can Kudu, igiyar shanya ce kawai tsakanin ƙofarta da tamu. Shekara talatin tana suyar waina a ƙofar gida, sai da ƙafafunta suka kumbura ta daina. Tun daga nan, in na dawo makaranta nake zuwa mu saurari podkas, wato hirarrakin da nake saukewa a waya, na tsofaffin mata da mawaƙa. Mai gabatarwa na yin sallama Dada za ta amsa, har ta tambaye shi gajiya.

"Dada, ba ya jin ki fa."

"Shi ya sani. Ni dai na fita haƙƙinsa."

Wata rana wata tsohuwa ta rera waƙar niƙa a cikin shirin, Dada ta taɓe baki. "Ta tsallake rabi. Ta uwata baiti goma sha biyu ce, kuma ni kaɗai na rage da ita. Maijidda ko ɗaya ba ta riƙe ba." Maijidda 'yarta ce, tana aure a Onitsha.

Na so in ce ta bari in ɗauki waƙar a waya, kunya ta hana ni har wata biyu. Sai da abinci ya fara gagarar ta, ita da kanta ta ce in zo mu yi irin na rediyo. Ta sa Maman Glory, 'yar Kafanchan da ke ɗakin ƙarshe, ta ɗaura mata ɗankwali, ta sa mata kwalli.

"Mama, na voice we dey record o, ba hoto ba," in ji Maman Glory tana dariya.

"Ke dai ɗaura. Baƙi zan yi."

Na danna. Na fara tambayar farko, sai ta ɗaga hannu. "Haka aka koya miki? Ba a gaisa ba?" Ta fuskanci wayar. "Salamu alaikum, masu ji. Ina wuninku? Ina gajiya? Yaya yara? Yaya ruwa?" Bayan kowace tambaya sai ta yi shiru, ta ba su lokacin amsawa. Ta gai da mazauna Kudu, na Ochanja da na Rumuokoro, ta bi na Arewa gari-gari. Sannan ta miƙa hannuwa gaba kamar dutsen niƙa na gabanta, ta yi waƙar, duka goma sha biyun, tana hutawa a tsakani. Maman Glory ta daina dariya.

Da na koma ɗaki na duba, minti huɗu kawai wayar ta ɗauka, babu sauran wuri a cikinta. Hirarraki fiye da sittin na tara, har da waɗanda muka ji sau uku, na ƙi goge ko ɗaya. Gaisuwar ce kawai ta shiga.

A zaune na goge su duka. Washegari na je, tana barci. Kashegarinsa ta buɗe ido ta ce, "Waƙar ta yi kyau?"

"Ta yi, Dada."

Na ce a raina, in ta ɗan ji ƙarfi zan gaya mata mu sake. Ranar Laraba da hantsi Allah ya yi mata rasuwa.

Ranar addu'ar uku tsakar gida cike take da mata a kan tabarmi, ana ɗan yayyafi, kowa ta matsa ƙarƙashin kwano. Maijidda ta yafito ni.

"Ke ce Zakiyya? An ce kin ɗauki Inna tana waƙa. Sa mana mu ji."

"Anti, waƙar ba ta shiga ba. Laifina ne."

"Ko baiti ɗaya?"

Na girgiza kai.

"To me ya shiga?"

"Gaisuwa."

Ta goge ido da bakin mayafi. "Sa."

Na ajiye wayar a tsakiyar tabarma.

"Salamu alaikum, masu ji."

"Wa alaikumus salam," matan suka amsa baki ɗaya, kafin su ankara.

"Ina wuninku?"

Sai Maman Glory ta ce, "Lafiya lau, Mama."

"Yaya yara?"

"Suna lafiya, Inna," in ji Maijidda, muryarta can ƙasa. Ta jawo wayar kusa da gwiwarta.

Na ɗauki takalmana a hannu, na bi ta bayan igiyar shanya. Ina bakin ƙofa na ji Dada tana tambayar su ruwa, tana jira.