Zaren da Aisa Ta Zaɓa wa Fuskarta

Ni na fara ganin abin, kafin kowa a Dakoro. Idon da ya ga fari ya ƙarar da shanun Tagris har sau biyu, ya kuma tsira, ba kumatun mace za su ɓoye mishi komai ba.

Aisa badukiya ce, rumfarta na kallon tawa a kasuwa, inda nake saida igiya. Mijinta Agali ya yi shekara goma sha ɗaya a Libiya. Bai taɓa fasa aike ba, kuma kowace Juma'a muryarsa na shigowa ta portabul, wayar hannu. Foto ne dai Aisa ba ta yarda da shi ba. In ya roƙa, sai ta ce rezo ba kyau, layin waya ba ya ɗauka. Gaskiyar ita ce rana da sunkuyo kan fata sun zubo mata da kumatu, har tsagar gidansu, uku-uku a gefen baki, ta karkata ƙasa kamar ta mai fushi.

Sai ga saƙo: bayan ƙaramar Salla zai dawo, dawowar da ba komawa. Aisa ta daina cin abincin kirki. Tsoronta ɗaya, ya sauko daga mota ya dube ta ya wuce, yana neman matar da ya bari.

Ɗiyarta Hawa, mai aikin jinya a Yamai, ita ta kai ta wurin wata likitar fata. Likitar ta shimfiɗa zare iri biyu kan farar takarda.

Ta ce wa Aisa, "Inna, da allura ake shigar da su ƙarƙashin fata, bayan an kashe wurin. Duka biyun narkewa suke a hankali. Wanga mai santsi ne, ba ya ɗagawa sosai, fata dai yake ƙara wa ƙwari. Wanga kuwa ƙaya gare shi kamar ƙarangiya, ya kama nama ya ja sama. Ya fi nuna aiki, ya fi daɗewa."

"Mai ƙayar nan, Inna," in ji Hawa. "Baba ya sauko ya ɗauka yayata ce."

"Rufe mini baki, marar kunya."

Aisa ba ta san boko ba, amma shekara arba'in tana tsakanin zare da fata. Ta buɗe jakarta, ta fiddo basilla da guntuwar tsohuwar fatar akuya mai zane a jiki.

"Ɗiyata, ara mini su in gwada," ta ce wa likitar.

Likitar ta yi dariya, ta miƙa mata na nuni. Aisa ta soka mai ƙaya, ta ja. Fatar ta miƙe tsaf a nan, ta tattare a can, zanen da ke tsakiya ya gudu daga inda aka sa shi. Ta soka mai santsi. Bai yi wani abin a zo a gani ba, amma zanen na wurinsa.

"Tsohuwar fata ba a yi mata dole," ta ce.

"Inna, fatar mutum rai gare ta, ba ta akuya ba ce," in ji likitar.

"Na ji. To ki rantse mini tsagata ba za ta motsa ba."

Likitar ta girgiza kai. "Ba na rantsewa. Tana iya ɗan gusawa."

Aisa ta daɗe tana juya mai ƙayar a hannu. Shekarun da take so a mayar mata, ga su cikin tafinta, kuma tana son su ƙwarai. Amma in tsagar ta gusa, da me Agali zai gane ta cikin taron mata? Ta ajiye shi.

"Sa mini mai santsin."

Aka yi. Aka gargaɗe ta: sati biyu ba tauna kilishi, ba dariya da buɗe baki, sujada ma a hankali.

Da ta dawo, mata suka ce shinkafar Yamai ta karɓe ta. Ni kuwa duba ɗaya na yi, na ce an yi ɗinki a nan, na kama bakina.

Agali bai jira Salla ba. Kwana tara da aikin sai ga shi, fuskar Aisa ba ta gama sacewa ba. Ta tafi tasha tarbarsa, ni ma na rufe rumfa na bi. Mota ta tsaya da azahar. Wani mutum ya sauko, baya ya ranƙwafa, amma gemu baƙi wuluk kamar na ɗan shekara talatin. Zafin Dakoro bai raga mishi ba: gumi na kwaso baƙin yana ɗiga kan farar riga.

Ya bi mata da kallo ɗaya-ɗaya. Da ya zo kanta ya tsaya.

"Uwar Hawa."

Aisa ta dubi gemun, ta dubi rigar. Sai ta tallabe kumatu da hannu biyu.

"Don Allah kada ka sa ni dariya, Baban Hawa, likita ta hana!"

"Likitar me?"

"Wa ya shafa maka gindin tukunya?"

"Wani wanzami a Agadas. Ya rantse mini ba ya zuba." Ya matso, ya rage murya. "Ke fa, me ya same ki?"

"Ɗinki."

"Wa ya isa ya yi miki ɗinki?"

"Ni na zaɓi zaren."

Ya goge haɓa da rawani, rawanin ma ya ɓaci. Aisa ta ɗauki jakarsa da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da kunci, tana danne dariya har hawaye na zuba. Suka kama hanyar gida, yana ba ta haƙuri, tana ce mishi ya yi shiru.

Wanda ya ce ƙarya nake, ya zo ran kasuwa in nuna mishi rumfarta. Ya je ya ce ta juyo da kunci ya duba, in ya isa.