Alamar Dala a Gaban Umarni

Injiniya ne yake rubuta jagorar wata manhaja ta adana littattafai a kwamfuta. A gaban kowane umarni da mai karatu zai kwafa ya liƙa a baƙin allo, yakan sa alamar dalar Amurka ($), domin haka allon yake nunawa idan yana jiran umarni. Masana sun san ba a haɗawa da ita. Wanda bai sani ba kuwa, idan ya kwashi layin duka, sai na'ura ta ƙi karɓa.

Wata safiya wani baƙo ya rubuto a dandalin tambayoyi, da sallama da ban-haƙuri, cewa ya kwafi komai yadda yake amma abu ya ƙi. Injiniya, wanda ke amsawa da sunan Mai Kula da Shafi, ya rubuta masa: "Wanda bai san a cire alamar dala ba, ya bar kwamfuta ya koma wa alƙalami." Abokan ofis suka yi dariya, shi ma ya ji daɗin kansa. Allah Ya tsare mu da yatsan da ke riga hankali.

Da la'asar matarsa ta tare shi a ƙofa. "Baba na nemanka. Ka sa hula, kada ka je masa da wannan sanƙon."

Ya iske surukinsa, tsohon malamin makaranta, zaune tsakanin littattafan fiƙihu da ya gada, waɗanda gara ta fara ci. Injiniya ya durƙusa a gefen darduma ya gaishe shi.

"Ɗana, so nake in adana waɗannan kafin su lalace," in ji tsohon, ya juyo masa da kwamfuta. "Na ji kunyar damunka, sai na tambayi masu abin. Ga amsarsu."

Injiniya ya ga kalmominsa a allon.

"Gaskiya ya faɗa," tsohon ya ci gaba, ya ɗaga hannunsa mai karkarwa. "Sai dai alƙalamin ne hannun nan ya daina riƙewa."

Da Injiniya ya ɓoye, da babu mai sani sai Mahaliccinsa, kuma wannan ɗin ne ya fi ba shi tsoro.

"Baba," ya ce, "ni ne Mai Kula da Shafi."

Tsohon ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Kai ne?"

"Ni ne. Ku gafarce ni."

"Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Amma ba ni kaɗai ba ne tsoho a duniya. Alamar nan, dole ne ta biyo ni idan na kwafa?"

"Ba dole ba ne, Baba."

Nan a durƙushe Injiniya ya shiga shafin, ya raba alamar da umarnin, ya mai da ita zane kawai: ido na ganinta dishi-dishi, amma ba ta kwafuwa. Ya kuma rubuta neman afuwa a ƙarƙashin amsarsa, inda abokan ofis za su gani.

Tsohon ya yi bisimilla, ya ja layin duka kamar dā, ya liƙa. Rubutu ya fara gudu a allon.

"Alhamdu lillahi! Ɗago kai ka gani mana."

Injiniya ya kasa.