Filin Shanyar Uwar Sabulu

Uwar Sabulu ba ta zuwa taro. Cewa take taro aikin masu busasshen hannu ne, ita kuwa tun da ta fara wanke zannuwan gadon otal ɗin bakin tasha da na ƙaramin asibitin unguwa, hannunta bai taɓa bushewa ba. Amma da labari ya zo cewa za a haƙe filin bayan gidanta a mayar da shi matarar ruwan sama, ita ta riga kowa tambayar ranar zama.

Filin na hukuma ne, ta sani. Sai dai shekara da shekaru igiyoyinta ke ciki, don tsakar gidanta ko zanen gado biyu ba ta ɗauka. In aka karɓe filin, shanya ta ƙare, wankin ma ya ƙare. Ga shi tana son aikin nan har ranta, ko da yake in ka tambaye ta da ciwon baya za ta fara.

Maigidanta, tsohon direban bas da ya ajiye tuƙi ya rungumi rediyo, shi ya yi mata bayani. Ruwan sama ya canza hali, sai ya yi shiru kamar ya manta da mutane, sannan ya zubo na wata guda a yini ɗaya. Saboda haka hukumar yankin ke shirya wa duk garuruwan bakin kogi tsari ɗaya, kuma an ce ba za a sa hannu ba sai an ji ta bakin jama'a. Ta ce ta san irin wannan jin, a saurare ka, a miƙa maka lemo, a je a yi abin da aka yi niyya. Ya ce to ta je ta wanke su tas, ai sana'arta ce.

A ajin makarantar firamare aka yi zaman, manya sun takure a bencin yara, gwiwa na dukan tebur. Ga masu lambu, ga bakanike, ga mai sayar da kifi. Injiniyar da ta zo yarinya ce, ba za ta girmi autar Uwar Sabulu ba. Ta manna wani ƙaton hoton unguwar da aka ɗauka daga sama, ta ce kowa ya fito ya ɗora yatsa inda yake neman abinci, ya faɗi abin da ake yi a wurin.

Uwar Sabulu ta tashi da faɗanta a baki, tun a hanya ta gama jera shi. Ta gano tasha, ta bi titi da yatsa har rufin gidanta mai facin kwano. Sai ta tsaya. A cikin filin ga wasu fararen layuka a jere. Injiniyar ta ce sun sha gardama a ofis a kan layukan nan, wani ya ce fentin filin ƙwallo ne, wani ya ce bututu ne aka ajiye.

"Zannuwana ne," in ji Uwar Sabulu.

Aji ya kwashe da dariya, ita ma ta yi. Daɗi ya kama ta, ba ta taɓa zaton wankinta yana da hasken da za a hango daga sama ba. Har igiyar nan da ta saki, wadda maigida ke ta alkawarin ɗaurewa, ga ta a lanƙwashe, duniya na kallo.

Sai injiniyar ta ɗora wata leda mai shara-shara a kan hoton, an shafa shuɗi a duk inda ruwa zai kai in aka bar abin yadda yake. Shuɗin ya taso daga filin, ya gangara ya rufe layin da autar Uwar Sabulu ke aure. Bara ma autar ta zo mata a jiƙe da jariri a kafaɗa, kuma da hannunta ta wanke laka daga kayan yaron, tana wanki tana zagin gajimare. Ba ta taɓa haɗa ruwan ɗakin 'yarta da filin shanyarta ba sai yau. Faɗan da ta zo da shi ya bi iska, ya bar ta da tsoro da haushi.

Ta tambaya ko ruwan zai zauna a ramin duk shekara. Injiniyar ta ce a'a, kwari ne mai faɗi marar zurfi, sai an yi babban ruwa yake cika, ya tsiyaye cikin kwana ɗaya ko biyu. Sun dai shirya zagaye shi da waya ne don sun ɗauka ba mai shiga.

Uwar Sabulu ta daɗe tana kallon layukanta.

"'Yata, ranar da ake ruwan da zai cika wannan wuri, wa kika taɓa gani yana shanya? Ku haƙa. Amma ku bar wayar nan, ku kafa mana turakun ƙarfe a ciki, ku shuka ciyawa kada laka ta ɓata min fari."

Nan fa baki ya buɗe. Bakanike ya ce ƙarfen sai da fenti, in ba haka ba tsatsa za ta ci zannuwa. Wani mai lambu ya faɗi irin ciyawar da ke jure kwanciyar ruwa. Mai kifi ta ce a yi matakala saboda masu ciwon gwiwa, tana faɗa tana kallon Uwar Sabulu. Injiniyar ta ce ba za ta yi alkawari ba, kwamitin yanki ke yanke magana, kuma ana neman mutum ɗaya daga unguwar ya zauna a ciki. Duk ajin ya juyo wuri ɗaya.

Haka matar da ba ta zuwa taro ta zama 'yar kwamiti. Ta sha zama, ta sha lemo, ta koyi ɗaga hannu kafin ta katse mutum. Ba duk abin da ta nema ta samu ba. Turakun ba su kai yadda ta so ba, matakalar kuma ta yi tsayi. Lokacin haƙa ta wahala, katangar maƙwabta duk ta sha zannuwa, har mai otal ya fara ƙorafi. Amma ciyawa ta kama, igiyoyi suka koma, maigida ma kunya ta sa ya ɗaure tasa.

Ranar da babban ruwa ya zo, tun hadari na haɗuwa ta kwashe shanyarta. Aka yi ta zuba kamar ba za a daina ba. Da ya tsagaita ta fito bakin kwarin, maigida na biye da ita da lema. Ruwa ya kai ƙugun turaku, igiyoyi na lilo babu komai a kansu. Wayarta ta yi ƙara, autar ce.

"Inna, ko bakin ƙofa bai taɓa ba. Yaron ma barcinsa yake."

Ta kashe wayar, ta share ido da bakin mayafi, ta ce feshin ruwa ne. Maigida ya leƙa kwarin, ya girgiza kai irin na neman magana.

"To, Uwar Sabulu, ga filinki ya tafi."

"Aro na ba shi," ta ce. "Jibi zai dawo min da abina."