Buta Mai Jan Fenti

"Ba zan ɗauka ba, Hajiya."

Hajiya Baraka, shugabar makarantar kuɗi ta 'yan mata da nake koyarwa a Ƙofar Sauri, ta sake turo mini butar da ƙafa. Sabuwa ce, an shafa mata jan fenti a wuya don kada wata malama ta ɗauka bisa kuskure.

"Haba Malama Bara'atu, buta ce fa kawai. Ki riƙa alwala da ita, ki sa safar hannu in za ki shiga aji, shi ke nan."

"In na ɗauka, na yarda ke nan ina shafa wa mutane ciwo. Ƙarya ce kuwa."

Tun ina sakandare bayan hannuna da gwiwar hannuna suke yin ja, su yi farin ɓawo yana zuba kamar dusa. An ce ƙazuwa, an ce sammu. Na sha jiƙo mai ɗaci, an shafa mini man da ya ƙona ni. Sai da na je karatun ilimin halittu a Zariya likitan fata ya ce sunan ciwon soriyasis, kuma ba a ɗaukarsa. Ya ce fatar kowa tana yin wasu sinadaran furotin masu kashe ƙwayoyin cuta, tawa kuwa tana yin su fiye da kima a wuraren da suka kumbura. Shi ya sa duk tsagewar da take yi, da wuya ta yi mugunya.

Ba wanda ya taɓa ƙorafi sai bana, da soja suka koma bariki, Alhaji Maitama ya zama kansila, ya kuma hau shugabancin kwamitin iyaye. Makero ya fito wa ɗiyarsa da ke makarantarmu a kai, ya ce ni ce na shafa mata.

Washegarin ranar da na ƙi butar ya zo da kansa, yana ta gyara babbar riga. Na gaishe shi, bai amsa ba.

"Ke ce mai taurin kan? Yanzu mulkin farar hula ne, malama. Abin da jama'a suke so shi ake yi."

"Ranka ya daɗe, makero daban, wannan daban. A kai ni asibiti tare da yarinyar, likita ya duba mu."

"Ni za ki karanta wa boko?"

"In jama'a sun zaɓe ka, ai ba su zaɓe ka likita ba."

Hajiya ta dafe kai. Malama Delu, wadda muke cin ɗanwake a kwano ɗaya kullum, ta sunkuyar da kanta.

Da aka kira azahar na wuce butar mai fenti, na ɗauki wadda kowa ke ɗauka. Na naɗe hannun riga, na yi alwala a tsakar makaranta, ɗalibaina suna leƙe ta taga. Ban yi sauri ba.

Kafin la'asar Hajiya ta sallame ni.

Zance ya riga ni zuwa ko'ina. Na nemi aiki har Batagarawa, kowa sai ya kalli hannuna ya ce babu gurbi. Na rasa aikina, na rasa 'yan ajina ana gab da jarrabawarsu. Malama Delu kuwa, in ta hango ni a Ƙofar 'Yandaka, sai ta tsallaka titi. Hannuna yana nan yadda yake, ban kuma sa masa safa ba.