Tsinken Kwallin Inna Barira

Shekara biyu Zuwaira ta yi tana bin Likita Nkechi gida-gida a unguwar Asata ta Inugu, tana yi mata tafinta. Likitar takan juya fatar idon yara ta duba, ta rubuta. Abin da suka gano bai fi cikin cokali ba: duk gidan da mata da yara ke zizara kwalli da tsinke ɗaya, nan amosanin ido ke zama, har gashin ido ya lanƙwashe ciki ya ci ganin mutum.

Sai Inugu ta rikice, aka rufe asibitin da suke aiki. 'Yan Arewa suka cunkushe a gida ɗaya, mata ashirin da yaransu, suna jiran jirgin ƙasa.

A kwana na biyu Zuwaira ta dawo daga famfo ta tarar da mahaifiyarta, Inna Barira, ta kwantar da Yelwa a cinya, tsinke a hannu. Yelwa 'yar Zuwaira ce, shekararta uku, idonta garau. Inna kuwa ido ɗaya ya tafi, ɗayan na tsiyaya.

"Inna, don Allah kar ki sa mata!"

"Ikon Allah! Da tsinken nan na raine ki, 'yar boko."

"Shi ya sa na sha magani wata uku."

Hannatu mai ƙosai ta ce, "Wato mu ne ƙazamai ke nan?"

Zuwaira ta durƙusa. Ta tambayi Inna wa ya ba ta tandun kwallin. Uwarta. Uwar fa? Ta makance. Kakar? Ita ma.

Inna ta daɗe tana murza tsinken. Can ta ce, "Miƙo min sabuwar tsintsiyar can."

Ta kwance ta, ta dinga karyawa tana rabawa. "Kowa da nasa, da ƙullin kwallinsa. Wadda na ji ta ari na wata, za ta gane ban makance duka ba!"

Hannatu ta yi dariya har da riƙe ciki, ta karɓi nata ta soke a kitso.

Sati uku suka yi a gidan. Kowace safiya Inna na bakin randa, ba yaron da zai wuce bai wanke fuska ba.

Ranar tafiya, sai ga Likita Nkechi ta kutso cikin tashar, duk da an gargaɗe ta. Ta ba Inna man ido, sannan ta bi yaran ɗaya bayan ɗaya tana juya fatar idonsu. Ta zo kan Yelwa, ta duba, ta sake dubawa.

"Fes! Zuwaira, wane magani kuka samu?"

Inna ta zare tsinken daga ɗankwalinta ta ɗaga sama.

"Faɗa mata ta rubuta a littafin nata. Barira, da tsintsiya."